Saitin bit na rauta mai araha, a saya ko a haƙura?

Duk wanda ya sayi rauta sabuwa, wato injin kafinta mai juya ɗan ƙarfen yanka da ake kira bit don yin rami da kwalliya a katako, sai ya ci karo da akwatin nan a shagon masu kayan aiki, wani na katako wani na roba, an jera bit a ciki guda 12 ko 15, wani ma har 35 ko 50, an shafe su da fenti ja ko ruwan ɗorawa suna ta ƙyalli, kuma kuɗin akwatin gaba ɗaya bai wuce na bit ɗaya ko biyu na manyan kamfanoni irin su Freud ko CMT ba. Manyan kafintoci da yawa za su ce maka araha ba ta ado, ka bar shi kawai. Ni dai ban tafi a kan haka gaba ɗaya ba. Ka saya, amma sau ɗaya, kuma ƙarami, sannan ka san me kake dubawa kafin ka miƙa kuɗi.

Dalilina shi ne wanda ya fara aiki da rauta bai san wane bit aikinsa yake ci ba. Kana ganin kamar duk za ka yi amfani da su, sai an kwana biyu ka buɗe akwatin ka tarar guda uku ko huɗu ne suka yi baƙi suka dakushe, sauran suna nan a jere kamar kwallar amarya ko man da aka shafa musu daga kamfani bai goge ba. To waɗannan da suka yi baƙin su ne abincinka, su za ka je ka sayo masu kyau ɗaya-ɗaya. Sauran kuma ba asara ba ne, ranar da kwastoma ya zo da hoton wani gado a waya yana son irin wannan kwalliyar a baki, kana da abin da za ka fitar masa da ita ko da sau biyu ne a shekara.

Amma kafin ka taka kasuwa, fara da injinka. Nan ne mutane suke faɗawa rami kuma mai shago ba lallai ya gaya maka ba, wani ma shi kansa bai sani ba. Ƙafar bit, wato sandar da ke shiga cikin kolet, bakin injin da ke matse ta, ba girma ɗaya ba ce. Akwai lissafin milimita, 6 da 8 da 12, akwai kuma lissafin inci, kwata da rabi. Kwatan inci milimita 6.35 ne, rabin inci kuma 12.7. A ido 6 da 6.35 abu ɗaya ne wallahi ba za ka bambance ba, amma kolet ya san bambanci. Idan ka sa bit mai 6 a kolet na kwatan inci zai shiga salin alin, ka ɗaure da sifana ka ji kamar ya kama, sai kana tsakiyar aiki ya fara zamowa ƙasa a hankali, ramin da kake yi ya dinga ƙara zurfi ba ka san dalili ba, in abin ya zo da tsautsayi ya fice gaba ɗaya. Idan kuma ka tura mai 6.35 cikin kolet na 6 da ƙarfi ka buɗa kolet ɗin ka lalata shi. Haka 12 da 12.7. Tsofaffin injinan da ake shigowa da su daga Ingila galibi na inci ne, na sauran ƙasashen Turai kuma galibi milimita, sabbin da ke zuwa daga Sin kuwa ka kan samu kowanne, don haka kar ka yi zato. Kwance kolet ɗin ka duba jikinsa, yawanci an rubuta girman, in ya goge ka sa shi a aljihu ka tafi da shi kasuwa. Bit ɗin da ya dace zai shiga da ɗan matsi kaɗan ba tare da girgiɗi ba tun kafin a ɗaure. Wanda ke da baniya, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, ya auna ƙafar ma ya fi, saboda a saitin araha akan samu kwali ya ce abu kaza ƙarfen ya ce wani abu daban.

In injinka babba ne mai ɗaukar 12 ko rabin inci, nemi saiti mai wannan ƙafar ko da bit ɗin cikinsa bai kai yawan na ɗayan ba. Ƙafa mai 12 ta ninka mai 6 yawan ƙarfe sau huɗu, ba sau biyu ba, don haka ba ta cika rawa ba kuma karyewarta da wuya. Mai 8 ma ta kusa ninka mai 6. Wanda tirima gare shi, wato ƙaramar rauta, shikenan, 6 ko kwata ɗin ne dai, sai ya bi ta a sannu.

Yanzu me ya raba na araha da mai tsada tunda duk ƙarfe ne? Abin da ke yankan katako ba jikin bit ɗin ba ne, wani ɗan falle ne na kabaid, wani ƙarfe mai tauri sosai, da aka liƙa da wuta a bakinsa. A mai tsada fallen yana da kauri, ƙwayoyinsa ƙanana ne sosai shi ya sa yake ɗaukar kaifi ya riƙe, ana iya wasa shi sau da yawa. A na araha fallen siriri ne, wasawar kamfani ma sama-sama aka yi, in ka juya shi a rana za ka ga layi-layin dutsen wasa a fuskarsa maimakon ya yi sumul. Sai liƙin da ya haɗa kabaid da jiki, sai daidaiton nauyi, sai boris ɗin da ke kan wasu, wato 'yar tayar da ke bin gefen katako. Ranar farko a kan katako mai laushi da ƙyar za ka ga bambanci, gaskiya kenan. Bambancin yana fitowa ne bayan an ci wasu ƙofofi, mai kyau yana nan yana fitar da ɓawo, na arahan ya koma fitar da gari da hayaƙi.

Don haka a shago kar ka yarda a ce maka ba a buɗewa. Buɗe ka ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ba sauri kake ba. Fara da tabbatar da cewa masu kabaid ne, za ka ga fallen daban a baki launinsa toka-toka mai duhu. Waɗanda duk jikinsu ƙarfe ɗaya ne, da ake rubuta HSS a kwalinsu, ka bar su, MDF, allon nan na garin katako da aka matse da gam, zai cinye su nan da nan. Sannan duba layin liƙin, wani ɗan zare ne mai launin tagulla ko azurfa tsakanin kabaid da jiki, ya kamata ya tafi santal daga sama har ƙasa. In ka ga ƙananan ramuka a ciki ko wurin da bai cika ba, ajiye wannan saitin ka ce a ba ka wani, domin wannan fallen ne zai iya ɓallewa yana gudu, kuma tirima irin Makita 3709 juyi 30,000 take yi a minti, wato sau 500 a daƙiƙa ɗaya. Ka goga bakin a hankali a bayan farcenka, mai kaifi zai kankaro farcen, dakusasshe zai zame kawai. Duba ko akwai ɗan gutsure a bakin, saboda a irin wannan akwatin bit kan fita daga raminsa a hanya ya yi ta karo da 'yan'uwansa, shi kuma kabaid duk taurinsa gautsi gare shi. Juya boris da yatsa ka ji, in yana ƙaiƙayi kamar akwai yashi ko yana girgiɗi gefe da gefe ba lafiya. Ƙafar kuma ta zama sumul ba tsatsa ba fenti, in akwai gilashi a kan kanta ka mirgina ƙafar bit madaidaici a bakinsa ka ga ko tana tsalle.

Batun yawa, ni ba na ba da shawarar ka wuce mai 12 ko 15. Masu 35 da 50 ɗin nan abu ɗaya ne aka maimaita da girma daban-daban don akwati ya cika, kuma kuɗin da aka raba wa hamsin ka san abin da ya rage wa kowanne. Abin da kake so ka gani a ciki shi ne madaidaici guda biyu ko uku na yin rami da gurbin bayan kabad, mai boris na tirimin da ke share fomika ko filawud daidai da baki, mai zagaye baki, mai karya baki a kusurwar digiri 45, mai cire mataki a gefe wanda ake zaunar da gilashi ko madubi a ciki, sai na kwalliya ɗaya ko biyu masu lanƙwasa da ake yi wa bakin tebur da allon gado. In waɗannan suna ciki ya wadatar.

Inda ba na sassautawa shi ne manyan bit. Irin faffaɗan nan na fitar da fanel ɗin ƙofa, masu faɗin inci 3 ko fiye, kar ka sayi na araha, kar ka karɓa ko kyauta ne. Lissafin a fili yake, bit mai faɗin milimita 25 a juyi 24,000 a minti bakinsa na tafiyar kusan kilomita 113 a awa, mai faɗin 75 a wannan juyin kuwa ya kusa kilomita 340 a awa. Ɗan rashin daidaiton da ba za ka ji ba a ƙarami, a babba sai ya girgiza injin da bencin gaba ɗaya. Irin waɗannan ma ko masu kyau ne ba a sa su a injin da ake riƙewa a hannu, sai an kifa rauta a ƙarƙashin tebur, kuma sai mai rage gudu. Abin da masu yin bit suka saba bayarwa shi ne har zuwa faɗin inci 1 ana iya kaiwa 24,000, zuwa inci 2 a sauko wajen 18,000, daga inci 3 zuwa sama kuma wajen 12,000 ko ƙasa. Bit na kirki ana zana iyakar gudunsa a ƙafarsa, na araha da yawa babu komai a jiki, to in injinka gudu ɗaya gare shi babu maɓallin ragewa, tsaya a kan ƙanana kawai.

Katakon da kake aiki da shi ma yana da ta cewa. Wanda yawancin aikinsa malaina ne ko afara ko obeche, saitin araha zai kai shi nesa, katakai ne masu sauƙin yanka. Maɗaci na da ɗan rigima saboda zarensa a sarƙe yake, bit da ya fara dakushewa sai ya dinga yagar shi maimakon yanka. Iroko kuwa akan samu wasu dunƙulen farin abu mai tauri kamar dutse a cikinsa da ke gutsure baki, katakon tik kuma yana da sinadarin yashi a jikinsa da ke cin kaifi. Amma babban mai kashe bit a shagunanmu yanzu ba ɗayan waɗannan ba ne, MDF ne da ɗan'uwansa HDF da filawud, saboda gam ɗin da aka haɗa su da shi. Mutum zai ga MDF da laushi ya ɗauka ba komai, alhali ya fi katakon gaske saurin dakusar da ƙarfe. Filawud har layi yake yi wa bakin bit daidai inda gam ɗin kowane falle yake bi. Don haka in kai mai wadirof ne da kabinet na kicin, kullum kana kan MDF mai fuska, saitin araha ba zai riƙe ka ba, madaidaici da na tirimin ka sayi masu kyau tun farko, sauran na kwalliya ka cike da na akwati.

To ka sayo, ya za ka yi ya daɗe. Cire fulogi daga soket kafin ka taɓa kolet, ba kashe makunni kawai ba, musamman a shagon da ke da yara masu koyo da wutar da ke ɗaukewa ta dawo ba sallama. Goge man da ke ƙafar bit da tsumma da ɗan kananzir, ka hure ƙurar cikin kolet. Tura bit har ƙasa sannan ka ɗago shi kamar milimita 2 ko 3 kafin ka ɗaure, in ya zauna a ƙasa dam kolet ba ya samun damar matse shi da kyau. Kuma kar ka zaro shi waje sosai don neman tsawo, aƙalla kashi uku cikin huɗu na ƙafar ya kasance a ciki. Masu boris ka sa alanki ka ƙara ɗaure ɗan sukurun kansu, a saitin araha sau da yawa a kwance suke zuwa, in ya fita kana aiki bit ya nutse cikin katakon mutane kenan. Kunna injin a iska tukuna, nesa da fuskarka, ka saurara. Wanda ya saba da kukan rautarsa zai gane nan take in sauti ya canza ko hannu ya fara kaɗawa fiye da kullum, in haka ta faru kashe, kwance, juya bit ɗin kaɗan ka sake ɗaurewa, in bai daina ba wannan bit ɗin a karkace yake, jefar da shi.

Sai cin katako. Babban abin da ke karya bit mai ƙafar 6 shi ne haɗama, mutum yana son ramin milimita 12 ya fita a tafiya ɗaya. Raba shi uku ko huɗu, kowace tafiya kamar milimita 3 zuwa 4, ta ƙarshe ka bar mata ɗan kaɗan don ta share. Eh ya fi cin lokaci, amma bai kai lokacin da za ka ɓata da sanfefa kana goge ƙuna ba. Na kwalliya ma haka, fara da bit a sama ka dinga saukar da shi. Wajen tafiya, in kana riƙe da injin a hannu kana bin bakin katako ta waje, ka tashi daga hagu zuwa dama, wato in za ka zagaye tebur ka bi akasin hannun agogo, ta yadda injin zai dinga turjewa kana tura shi. In ka bi ɗaya hanyar sai ya fizge ka ya ruga. Fara da ɓangarorin da aka yanke zaren katako a gicciye, saboda nan ne ƙarshen ke tsagewa, in ka zo bin tsawon sai ya share tsagewar. Kar ka tsaya wuri ɗaya, kar kuma ka yi ta jan ƙafa, yawancin baƙin ƙunar da ake ɗora wa bit laifinta daga jinkirin hannu take. Kuma ko yaushe gwada a guntun da ya rage daga katakon aikin kafin ka hau kan na kwastoma.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, ƙaramin janareta. In jen bai kai ƙarfin rautar ba ko wutar Nepa ta zo a raunane, da ka shiga katako gudun zai faɗi, bit ya koma duka maimakon yanka, sai a ce bit ɗin ne banza. Ka ji kukan injin ya sauka sosai to rage cin.

Tabarau na kariya dole ne da kowane bit, balle wanda ba ka san wa ya liƙa kabaid ɗinsa ba. Takunkumin hanci ma haka, garin MDF ba abin shaƙa ba ne, ƙurar iroko da mansoniya kuma an san su da tayar wa mutane da ƙaiƙayi da atishawa da ciwon ƙirji.

Sau da yawa bit da ake cewa ya mutu datti ne kawai ya yi masa yawa. Ƙaron katako da gam suna daskarewa a bayan bakin su yi baƙi, su hana shi fitar da ɓawo, zafi ya ƙaru. Kwance boris ɗin ka ajiye gefe don kar kananzir ya wanke man cikinsa, jiƙa bit ɗin na ɗan lokaci, ka goge da tsohon buroshin haƙori, kar ka kankare da wuƙa ko ƙusa. In ya bushe ka ɗiga wa boris ɗigon mai ɗaya ka mayar. In bayan wanki har yanzu yana ƙona katako to wasawa yake so, kuma dutsen da kake wasa kurfi ba ya cin kabaid, sai ɗan faranti mai garin daimon, wato lu'ulu'u, da ake sayarwa. Fuskar da take a shimfiɗe kawai za ka goga, ta ciki, da ɗan ruwa, kuma in ka yi wa wannan baki sau biyar ka yi wa ɗayan ma sau biyar don su tafi daidai. Kar ka taɓa bayan da aka yi wa siffa, in ka ci nan ka canza kwalliyar, a na tirimin kuma bakin ya daina daidai da boris. Na araha ba ya jure wasawa da yawa tunda fallen ba kauri, in ka ga ya yi siriri sosai, ko ya tsage, ko ya gutsure, ko ƙafar ta yi shuɗi don zafi, aikinsa ya ƙare. Kar a kai wa mai walda ya liƙa.

Lokacin canji kuma kar ka koma ka sake sayen wani akwatin don bit uku sun mutu, nan ne arahar ke komawa tsada, ka tara na kwalliya iri ɗaya har kashi uku ba ka da madaidaici mai kyau ko ɗaya. Ɗauki wanda ya mutu ka tafi da shi a matsayin samfur ka nemi guda ɗaya na kamfanin da aka sani, Freud da CMT na Italiya ne, Whiteside na Amurka, Trend na Ingila, Bosch da Makita ma suna da nasu. Sai dai kasuwarmu ka san ta, suna a kwali ba shi ne shaida ba, jabu ya yi yawa. Duk binciken da ka yi wa na araha shi za ka yi wa wannan, kaurin kabaid, layin liƙi, santsin fuska, rubutun girma da gudu da aka zana a ƙafa ba wanda ke gogewa da yatsa ba. In aka ce maka na Italiya ne amma kuɗinsa bai fi na akwati ba, ka san amsar.

Sabon da ka sayo kar ka watsa shi cikin gwangwanin ƙusoshi da sukurai. Samu guntun katako mai kauri ka huda ramuka da suka ɗan fi ƙafar faɗi kaɗan, ka bar tazara yadda bakunan ba za su taɓa juna ba, ka tsayar da su a ciki, da damina ka riƙa shafa wa ƙafafun ɗan mai saboda tsatsa ka goge kafin ka sa a kolet. Masu kyaun ka ware su a dirowa mai makulli don aikin da za a gani, yaran shago kuma su koyi riƙon inji da na akwatin a kan guntayen malaina.